Ambulan Goma Sha Biyar

Shekara talatin da ɗaya Hulusi yana bin hanyar nan da mota, daga Gelsenkirchen ta Jamus zuwa ƙauyensu da ke bayan Devrek a Turkiyya, kwana uku zuwa kwana uku dawowa, kuma ko sau ɗaya bai taɓa buɗe ambulan ɗin wani ba. Wannan riƙon amana shi ne abin da ya mallaka a duniya. Ramin kwal ya cinye masa huhu da gwiwa guda, kuɗin haya na lashe rabin fanshonsa, 'ya'yansa biyu kuwa sai ranar salla ake ganin ƙeyarsu. Amma a unguwarmu in aka ce Hulusi Amja, wato Baffa Hulusi, kowa ya san wanda ake nufi: dattijon da ake ba wa amana.

Mutanenmu, Turkawan Jamus, ba su cika son aike gida ta banki ba. Banki ya yanki nasa, ya canza maka kuɗi a farashin da ya ga dama, sannan tsohuwa ta hau mota zuwa gari ta yini a layi. Gara a sa a ambulan, a liƙe, a rubuta suna a baya, a kai wa Hulusi. Shi kuma dokarsa guda ce: ba ya tambayar nawa ne, ba ya buɗewa. Yadda ka ba shi haka zai miƙa.

Bana yana da nasa uzurin. Shekara shida shi da matarsa Nebahat suna matse bakin aljihu har suka tara yuro dubu shida, za su sake rufin gidan mahaifinsa da ke yoyo, ko sa riƙa zama can har damina ta wuce maimakon mako biyar na bazara. Har an yi magana da mai aikin rufin.

Ana gobe tafiya, bayan sallar Juma'a, Hulusi na zaune a gidan shayi da ambulan goma sha huɗu a aljihun kwat, sai ga Zekai. Zekai dillalin tsofaffin motoci ne, ɗan shekara arba'in da 'yan kai, mai bakin zuma. Ya sunkuya ya sumbaci hannun dattijon ya kai goshinsa.

"Amja, ashe har yanzu tsohuwar motar nan taka ba ta gaji ba? Ka kawo in musanya maka mana."

"Ta fi duk tarkacen da kake sayarwa lafiya. Me ka kawo?"

"Ɗan kuɗin magani ne na tsohuwa. Ka ba yayana Tayfun."

Hulusi ya karɓa ya ji kauri a hannunsa. Ya ɗan jinjina shi.

"Kai, maganin nan da nauyi yake."

"Canjin kanti ne, Amja, biyar-biyar da goma-goma, ban samu na haɗa ba. Ko in buɗe ka ƙirga?"

Ɗan banza! Ya san abin da yake yi sarai. A gaban mutane ka ce wa Hulusi ya ƙirga, ai ka zage shi ne.

"Kul! Ka mayar da ni mai karɓar haraji?" in ji Hulusi. Aka yi dariya, ya cusa ambulan ɗin cikin 'yan uwansa, ya kira wa Zekai shayi.

Suka tashi da sassafe. Jamus ta wuce, Ostiriya ta wuce, suka kwana a Hungari cikin mota kamar yadda suka saba. Washegari kafin hantsi suka tarar da layin bodar ƙasar Sabiya, motoci jere huɗu har inda ido ya ƙare, rabinsu namu ne, an ɗaure kaya a sama kamar masu ƙaura. Rana kuwa ta buɗe wuta. Nebahat ta jiƙa tawul ta ɗora a kai, tana yanka tumatir da cuku a kan cinyarta.

"Hulusi Efendi," ta ce, wato Malam Hulusi. In ta kira shi haka, to akwai magana. "Ka ga allon can? Har da yarenmu aka rubuta. Wai wanda ke ɗauke da abin da ya haura dubu goma ya faɗa."

"Na gani, Hanim," ya ce, wato uwargida. "Tun bara yake nan."

"Nawa ne a ƙarƙashina?"

A ƙarƙashin kujerarta suke ajiye kuɗin, cikin rigar matashi, saboda ɓarayin hanya.

"Dubu shida."

"Na mutane fa?"

"Na mutane na mutane ne. Nawa za su kai? Wannan ɗari, wancan ɗari biyu."

"Ni dai na Zekai ɗin nan bai kwanta mini ba. Mutumin da ya sayar wa ƙanin matarsa mota ba birki."

"Ki ci tumatirinki."

Awa biyar suka yi suna jan jiki kafin su kai rumfa. Jami'in kwastan, saurayi ne da gumi ya jiƙa masa wuyan riga, ya duba fasfo, ya tambaya da Jamusanci: kuɗi nawa kuke ɗauke da su?

"Dubu shida," in ji Hulusi.

Wallahi ba ƙarya ya yi niyyar yi ba. A tunaninsa, an tambaye shi kuɗinsa ne, ya faɗi kuɗinsa. Sauran ba kuɗi ba ne a wurinsa, amana ce, takarda ce a liƙe da sunan mai ita. Shekara talatin haka yake amsawa ana ɗaga masa hannu ya wuce. Ranar nan dai rabon wahala ya sa saurayin ya nuna musu gefe.

Aka sauke kaya tas a kan kwalta: akwatuna, injin niƙa kofi na ƙanwar Nebahat, takalman yara, cakulan da ta narke. Ba a yi minti goma ba wani ya zura hannu ƙarƙashin kujera ya jawo rigar matashi. Aka ce Hulusi ya biyo su, Nebahat ta tsaya wurin kaya.

Ɗakin ƙarami ne, tebur ɗaya, fanka ɗaya. Aka kira tafinta, wata mata mai tabarau da ta iya yarenmu kamar a can aka haife ta. Babban jami'in ya zazzage rigar matashin, ya ware ƙunshin dubu shida gefe, ya jera ambulan goma sha biyar, ya ɗauki wuƙar buɗe takarda.

Hulusi ya miƙe zumbur.

"Kada ku buɗe! Ba nawa ba ne! 'Yata, gaya masa ba nawa ba ne, amanar mutane ce."

"Amja, zauna," in ji matar a hankali. "A wurinsu duk abin da ke cikin motarka kai ke ɗauke da shi. Dole su ƙirga."

Ya zauna, ya juya fuskarsa bango don kada ya gani. Amma kunne ba shi da murfi. Ana farka ambulan, a karanta suna, a faɗi adadi, tafinta ta maimaita masa don ya shaida. Haka ya ji abin da bai taɓa son ji ba. Alhajin da ke da kanti uku, mai zama sahun gaba a masallaci, yuro hamsin ya aika wa uwarsa. Gulizar mai share-share a asibiti, bazawara da yara uku, ɗari bakwai. Kunya ta kama shi kamar shi ya leƙa ɗakin kwanan mutane. Goma sha huɗun nan gaba ɗaya suka tashi dubu biyar, ya ɗan ji sanyi, ya ce a ransa ashe da kaɗan aka haura, a roƙe su.

Sai aka farka na Zekai. Wannan karon ba a faɗi adadi nan take ba. Hulusi ya waiwayo ba da son ransa ba. Babu biyar-biyar, babu goma-goma. 'Yan ɗari bibbiyu ne sababbi fil, guda sittin, an naɗe su cikin takardar talla don su yi laushi a hannu.

"Dubu goma sha biyu," in ji tafinta. Ba ta kalle shi ba.

Gumi ya karyo masa.

Jami'in ya yi lissafi a takarda: dubu ashirin da uku, an faɗi shida. Ya yi wata tambaya, matar ta juyo ta cire tabarau.

"Amja, ka saurare ni da kyau. Yana tambaya: cikin kuɗin nan akwai na matarka?"

Nan fa Hulusi ya ga an zo inda ba zai yarda ba. Shi a ganinsa so ake a rubuta sunan Nebahat a takardar laifi, a shigo da ita ɗakin nan a titsiye ta gaban maza, mace mai hawan jini.

"Matata ba ta san komai ba. Ku bar ta."

"Amja, ka yi tunani kafin ka amsa. Ku biyu ne a motar. Ko kuɗin rufin nan da ka ce, ba tare kuka tara ba?"

Ya buga tebur da tafin hannu.

"Na ce ku bar mini iyali! Ni ne namiji, ni na ɗauko, ni za a tambaya."

Matar ta yi ajiyar zuciya, ta mayar da tabarau, ta fassara. Aka rubuta. Aka ƙirga masa dubu goma, abin da doka ta yarda mutum ɗaya ya wuce da shi, aka riƙe dubu goma sha uku. Aka ba shi takarda mai hatimi biyu ya sa hannu. Kotu za ta neme shi, in ji tafinta, wataƙila wata shida, wataƙila shekara. Akwai tara. Za a iya mayar da wani abu, za a iya ƙin mayarwa. Ta tattara masa yagaggun ambulan da kanta ta sa a rigar matashin.

Sai da suka yi nisa da boda, suka tsaya a gidan mai, sannan ya iya gaya wa Nebahat. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse shi ba, abin da ba halinta ba. Da ya zo kan tambayar tafinta, ta dafe ƙirji.

"Ta tambaye ka sau biyu?"

"Sau biyu."

"Ka ce ban san komai ba?"

"To so kike a ja ki..."

"Innalillahi! Mutum dubu goma, mutum biyu dubu ashirin! Baiwar Allah tana buɗe maka ƙofa kana rufewa da ƙafa! Ni ban san komai ba? Wa ya yi shekara shida yana ɗinkin labulen mutane har ido ya mutu? Wa ya daina sayen nama sai ranar Juma'a? Kai ne namiji! To ga namiji nan, a gidan mai."

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ta fi zagi ciwo.

Da ta huce kaɗan ta share ido ta zauna ta yi abin da ta iya. Ta shiga kantin gidan man ta sayo salatif. Ta mayar wa ambulan goma sha huɗun nan kuɗinsu ɗaya bayan ɗaya, Hulusi na faɗin adadi da kai sunkuye, tana liƙewa. Dubu biyar suka rage a cinyarta.

"Waɗannan namu ne," ta ce. "Mun yi asarar dubu ɗaya, Allah ya mayar. Abin da aka riƙe na Zekai ne, tun da shi ya yi ƙarya. Ya je kotun ya karɓo. Kira shi."

Ya kira. Ta sa ya buɗe muryar wayar don ta ji.

Zekai ya bari har Hulusi ya gama, sannan ya yi wata 'yar dariya.

"Amja, wasa kake yi ko?"

"Ka ce mini kuɗin magani ne."

"To ai har da magani. Sauran na fili ne, Tayfun ya riga ya yi ciniki, ranar Laraba za a biya. Ni fa na ce maka in buɗe ka ƙirga, a gaban mutane, ka ce a'a. Ko ban ce ba?"

"Ka ce."

"To! Kowa na wucewa da kuɗi a hanyar nan, sai a kanka za a kama? Kuma a ce nawa kaɗai aka riƙe, na kowa ya tsira, har da naka? Amja, ni amana na ba ka. Ban san kwastan ba, kai na sani."

Nebahat ta fizge wayar.

"Zekai, Allah ya isa! Ka rasa wanda za ka yi wa dabara sai tsohon da ya ɗauki gawar ubanka zuwa filin jirgi? Ka san doka, shi ya sa ba ka kai da kanka ba, munafuki!"

Ya riga ya kashe wayar.

Sauran tafiyar ba ta da labari. A bodar Bulgeriya Nebahat ta miƙa hannu ba tare da ta dube shi ba ta ce, "Kawo rabi in sa a jakata, ni da ban san komai ba." A da in suka hango tutar ƙasarmu Hulusi kan danna hon har sau uku, ita kuma ta yi ta kuka don murna. Bana shiru suka shiga.

Labari ya riga su isa ƙauye, amma ba yadda ya faru ba. Zekai ya yi kwana biyu yana aiki da waya. Bai taɓa cewa Hulusi ya ci kuɗi ba, ya fi haka wayo. Tambaya kawai yake yi. Wa ya gani? Ba bana ne zai yi rufi ba? Ɗan fansho, ina ya samu kuɗin rufi? Shi dai bai ce komai ba, Allah ne masani.

Hulusi ya gane haka tun a gidan shayin ƙauyen. Aka tashi aka gaishe shi, aka ba shi kujera, amma gaisuwar ba ta kai ciki ba. Tayfun, yayan Zekai, ƙato mai jan wuya, yana zaune can ƙurya yana kaɗa cokali a kofi. Hulusi ya ciro takardar kwastan ya shimfiɗa a tebur.

"Ga shaida. Ga hatimi, ga sa hannuna."

Aka sunkuya ana kallo. Rubutun Sabiyawa ne, da irin baƙaƙensu da ko harafi ɗaya ba wanda ya iya karantawa a wurin. Ta zaga hannu biyar ta dawo.

"Amja, ba raini ba," in ji Tayfun, "amma wannan ko rasit ɗin taya ne, mu ina muka sani?"

Wani ya yi tari don ya ɓoye dariya. Allah sarki, Hulusi. Mutumin da ya kawo wa rabin mutanen wurin kuɗin aurensu da na jana'izar iyayensu, yau shi ake yi wa tari.

Ya koma gida ya tarar da Nebahat tana kwashe bokitan da ƙanwarta ta jera wa yoyo a ɗakin sama. Ya ce ta ba shi dubu biyar ɗin. Ta tsaya da bokiti a hannu.

"Kada ka yi mini haka, Hulusi."

"Sunana ne, Hanim. In na kafa ƙusa ɗaya a rufin nan bana, na tabbatar musu."

"To kada a kafa! A ajiye zuwa baɗi. Amma ka ba ɓarawo?"

"In na ba shi, za su san ban ci ba."

Ta ajiye bokitin, ta ciro kuɗin daga jaka ta jefa masa a kan gado, ta sauka ƙasa. Ranar ba ta dafa komai ba.

Ya kai wa Tayfun a gidan shayi, da gangan a gaban jama'a. Ya ce wannan kuɗin rufinsa ne, duk abin da ya rage masa, in kotu ta saki sauran zai cika. Tayfun ya lashi yatsa ya ƙirga, ya sa a aljihu.

"Saura dubu bakwai," ya ce. Da Hulusi ya juya zai fita, ya ji shi yana faɗa wa na kusa da shi, ba ma a ɓoye ba: "Kun gani? Da aka matsa, ai ga shi sun fara fitowa."

Bakin ciki kamar ya kashe shi a bakin ƙofar. Ya aika wa mai rufi cewa an fasa. Ya bi gida-gida yana miƙa ambulan masu salatif, ana karɓa ana godiya sama-sama, ba wanda ya ce ya zauna.

Na ƙarshe na Inna Safiye ne, uwar Gulizar mai share-share, tsohuwa ta haura tamanin. Ƙawar mahaifiyarsa ce, ta goya shi yana jariri. Shi ya sa ya bar nata ƙarshe, yana so ya zauna wuri ɗaya da ba a yi masa kallon gefen ido. Ya same ta a tsakar gida ƙarƙashin inabi tana ɓare wake. Ya sumbaci hannunta, ta shafa kansa ta ce ya rame. Duk shekara takan karɓi ambulan ta cusa a ƙirjin rigarta ko kallo ba ta yi, ta ce a kawo wa ɗanta Hulusi madarar shanu mai sanyi.

Ta karɓa. Yatsunta suka tsaya a kan salatif ɗin, ta shafa shi, ta sake shafawa.

"Hatije!" ta kira surukarta. "Zo ki duba mini, idona ba ya gani."

Surukar ta fito tana goge hannu, ta kasa haɗa ido da shi. Ta farka, ta ƙirga a kan tiren wake.

"Ɗari bakwai, Inna."

"Sake."

Ta sake. Ɗari bakwai.

"To kira Gulizar ki ji nawa ta sa."

Hulusi na tsaye, hularsa a hannu, gwiwarsa na zogi. Aka kira Jamus. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, Gulizar na wurin aiki. Aka sake kira. Ba wanda ya ce ya tafi, ba wanda ya ce ya zauna.

"Kada ka ji haushi, ɗana," in ji tsohuwar, tana ci gaba da ɓare wakenta. "Ka ɗan jira ta ɗauka."